Garwashin Fashewar 9 ga Oktoba: Abin da LHAASO Ta Auna da Abin da Ta Ƙiyasta

Ranar Lahadi 9 ga Oktoban 2022, ana gobe hutun Mauludi, da ƙarfe 2:17 na rana agogon Najeriya, wani haske ya sauka a kan rabin duniya. Idan a Birnin Gwari kake a lokacin, kana gona kana duba masara ko kana hutawa a inuwa bayan Azahar, to har da kai ya sauka. In ka lissafa inda ya fito, za ka samu yana gabas ya ɗan karkata arewa, kimanin digiri 27 daga inda sama ta haɗu da ƙasa, wato kusan inda rana take kaiwa da hantsi. Ba ka gan shi ba, ba ka ji komai a jikinka ba, domin iskar da ta lulluɓe duniya ta tare shi. Amma saman iskar ta ji a jikinta: na'urorin da ke sauraron rediyo mai dogon zango ƙwarai sun ga sauyi a daidai wannan minti, irin wanda aka saba gani idan rana ta yi aman wuta. Wannan karon ba rana ba ce. Tauraro ne da ya mutu can nesa, haskensa ya yi tafiyar kusan shekara biliyan biyu kafin ya iso.

Masana sun sa masa suna GRB 221009A. Shi ne fashewar hasken gama mafi ƙarfi da aka taɓa gani tun da taurarin ɗan'adam na Vela suka fara tsinkayar irinsa a 1967. Ya makantar da na'urorin tauraron Fermi na ɗan lokaci, kuma an ƙiyasta cewa irinsa sai sau ɗaya a shekara 10,000.

Yau takarda ɗaya nake so mu ɗora a kan sikeli, wadda masu binciken cibiyar LHAASO ta ƙasar Sin suka buga a mujallar Science a watan Yunin 2023. Ta shahara, kuma ta cancanta. Sai dai yadda ake maimaita ta a kafafen labarai ya cakuɗa abubuwa uku da ya kamata ka raba: abin da aka auna, abin da aka fassara, da abin da aka faɗa cikin gaggawa daga baya aka gyara.

Wuta daban, garwashi daban

Idan babban tauraro ya ƙone makamashinsa, cikinsa yakan rufta ya zama baƙin rami. A wasu lokuta wannan ruftawa tana harba feshi biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, da gudun da ya kusa kai na haske. Idan ɗayan feshin ya saito mu, sai mu ga walƙiyar hasken gama ta daƙiƙoƙi ko mintoci. Wannan ita ce wutar farko. Ba ta da tsari, tana tashi tana faɗuwa kamar fitilar da wayarta ta kwance.

Bayanta akwai abin da zan kira garwashi. Duk wanda ya taɓa zuwa gefen dajin Kamuku da rani washegarin gobara ya san cewa daga garwashi da toka ana gane girman wutar da inda iska ta kora ta. Haka masana suke karanta hasken da ke biyo baya. Amma kada kwatancen ya ruɗe ka, wannan garwashi ba abu ne da ke hucewa a kwance ba. Ya fi kama da babbar motar da birkinta ya tsinke ta afka tarin yashi: tana tura yashin, tana tara shi a gabanta, tana rage gudu. Feshin yana karo da iskar gas da ke kewaye da tauraron, karon yana zaburar da ƙwayoyin ilektiron, su kuma suna fitar da haske kala-kala, daga rediyo zuwa eksire zuwa gama. Yayin da feshin ke rage gudu, hasken na dusashewa. Tauraron BeppoSAX ne ya fara kama irin wannan garwashi ranar 28 ga Fabrairun 1997.

Saurin dusashewar shi ne littafin da ake karantawa. Daga gare shi ake fitar da gudun feshin, da faɗinsa, da kaurin gas ɗin da ya ci karo da shi.

Matsalar zuwa a makare

Ɓangaren garwashin da ya fi wuyar kamawa shi ne mai ƙarfin TeV. Ƙwayar hasken da idonka ke gani tana ɗauke da kimanin eV 2. TeV ɗaya kuwa eV tiriliyan ɗaya ne. Irin waɗannan ƙwayoyi ba su da yawa, ba a iya tara su da ƙaramar na'ura a sararin samaniya. A ƙasa ake kama su, ta hanyar ruwan ƙananan ƙwayoyin da suke haddasawa idan sun bugi iska.

Kafin 2022 duk wanda ya gani a makare ya zo. Madubban MAGIC da ke tsibirin La Palma na Sifaniya sun juya sun kama GRB 190114C kimanin minti ɗaya bayan tashinsa, a watan Janairun 2019. Madubban H.E.S.S. da ke tsaunukan Khomas a Namibiya sun kama GRB 180720B bayan awa 10, sannan suka bi GRB 190829A dare uku, daga kimanin awa 4 zuwa awa 56. Dukkansu gangarowar hasken suka gani, babu wanda ya ga hawansa. Irin waɗannan madubbai sai da dare suke aiki, suna son duhu, kuma ɗan yanki kaɗan na sama suke kallo, sai an buga musu ƙararrawa su juya. A daren 9 ga Oktoba wata ya cika, tsakiyar Rabi'ul Awwal ne. H.E.S.S. ba ta samu damar dubawa ba sai bayan awa 53, kuma ba ta ga komai ba.

LHAASO daban take. Tana kan dutsen Haizi a lardin Sichuan, mita 4,410 sama da teku. Maimakon madubi, tana da tafkin ruwa rufaffe mai faɗin murabba'in mita 78,000, da dubban na'urori shimfiɗe a kan fili mai kusan murabba'in kilomita ɗaya. Ba ta juyawa, ba ta barci, rana da wata ba su dame ta ba. Fashewar ta auku a cikin yankin da take kallo. Sa'a ce, kuma marubutan da kansu sun amsa cewa sa'a ce.

Abin da aka auna

A nan takardar ba ta da na biyu. Cikin daƙiƙa 3,000 na farko, wato minti 50, LHAASO ta ƙirga ƙwayoyin haske sama da 64,000 masu ƙarfin da ya wuce TeV 0.2. Labarin da suka bayar shi ne: kusan minti huɗu bayan ƙararrawar Fermi hasken TeV ya kunno kai, cikin ƙasa da daƙiƙa 20 ya kai ƙololuwa, sannan ya fara gangarowa. A matakin farko na gangarowar, duk lokacin da agogo ya ninka biyu, hasken yakan ragu zuwa ɗan ƙasa da rabi. Bayan kimanin daƙiƙa 650, wato kusan minti 11, sai gangarar ta ƙara tsayi: yanzu duk ninkin agogo, hasken yakan koma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu.

Akwai wani abu da ya fi burge ni a cikin wannan awo, kuma ba a cika ambatonsa ba. A daidai lokacin da LHAASO ke ƙirge, wutar farko ba ta mutu ba. Taurarin ɗan'adam suna ganin ta tana tsalle-tsalle, har ta sake yin wata babbar walƙiya wajen minti takwas da rabi. Amma layin hasken TeV bai bi ta ba, ya yi ta gangarowa sumul. Wannan hujja ce mai ƙarfi cewa hasken TeV daga wurin karon feshi da gas yake fitowa, can waje, ba daga cikin wutar farko ba. Ba sai ka yarda da wani dogon lissafi ba kafin ka gamsu da wannan, ka ɗora layukan biyu gefe da gefe ka gani da idonka.

Ƙorafina ɗaya a wannan ɓangare shi ne batun agogo. Don a auna saurin hawa ko sauka, sai an zaɓi inda sifili yake. Marubutan sun zaɓi daƙiƙa ta 226 bayan ƙararrawa, lokacin da babbar walƙiyar ta fara. Zaɓi ne mai ma'ana, amma dubi tasirinsa. Idan sifilinka 226 ne, daga daƙiƙa ta 230 zuwa ta 234 lokaci ya ninka biyu, daga 4 zuwa 8. Idan sifilinka 222 ne, daga 8 zuwa 12 ne kawai, bai ninka ba. Awo ɗaya, amma saurin hawan da za ka rubuta ya bambanta. Saboda haka alƙaluman hawan, waɗanda daga cikinsu ake fitar da gudun feshin na farko, ka riƙe su da sassauci. Lanƙwasar minti 11 kuwa wannan matsala ba ta taɓa ta, domin daƙiƙa huɗu ba komai ba ne a cikin 650.

Abin da aka fassara

Kanun da ya zagaya duniya shi ne cewa feshin siriri ne ƙwarai, digiri 0.8 daga tsakiyarsa zuwa gefe. Don ka gane ƙanƙantarsa, ka ɗauka tocila ce: a nisan mita 100, hasken da za ta zuba a bango bai kai faɗin mita 3 ba.

Ga yadda aka kai ga wannan adadi. Abin da ke gudu kusa da gudun haske yana tattara haskensa ya harba gaba. Don haka da farko ɗan tabo kaɗan na fuskar feshin kake gani. Yana rage gudu, tabon na faɗaɗa, sabon yanki na shigowa yana rage maka asarar dusashewa. Ranar da tabon ya kai bakin feshin, babu sauran abin da zai shigo, sai hasken ya faɗi da sauri. Idan lanƙwasar ta zo da wuri, feshin siriri ne. Yawanci ana ganinta bayan awoyi ko kwanaki, a nan kuwa minti 11.

Me ya sa wannan adadi yake da nauyi? Idan ka ɗauka fashewar ta watsa haskenta ko'ina daidai wa daida, ƙarfinta ya kai a ce an narkar da rana fiye da biyar gaba ɗaya an mayar da su haske. Wannan ya yi wa tauraro ɗaya yawa. Amma idan feshin digiri 0.8 ne, kashi ɗaya cikin 10,000 na sama kawai ya haska, sai ka raba wancan ƙarfi da 10,000 ya dawo daidai da na sauran fashe-fashe. Wato amsar tambayar ko dodo ne ko kuwa talakan fashewa ne da ya saito mu ido cikin ido, tana rataye a kan wannan lamba.

To, ba a auna digiri 0.8 ba. Lokacin lanƙwasa aka auna. Kafin ka mayar da lokaci ya zama kusurwa sai ka zato ƙarfin feshin, da kaurin gas ɗin da ke kewaye, da ko kaurin ɗaya ne ko'ina ko yana raguwa da nisa kamar yadda iskar da tauraro ke hurawa take yi. Ka sauya zato, lambar ta motsa. Takardar ta yi amfani da kalmar fassara, kuma ta kyauta. Masu kwafar labari ne suka zubar da kalmar a hanya.

Akwai gwajin da ya kamata fassarar ta ci. Idan lanƙwasar daga siffar feshi take, dole ta bayyana a kowane kalar haske a lokaci guda, domin bakin feshi ɗaya ne. A nan akwai abin da ya goyi bayan LHAASO: taurarin Insight-HXMT da GECAM-C na ƙasar Sin sun ga irin wannan lanƙwasa a hasken eksire mai ƙarfi a cikin mintocin nan na farko. Akwai kuma abin da bai goya ba. Madubin eksire na tauraron Swift ya fara kallo kusan awa ɗaya bayan fashewar, ya bi ta makonni da watanni. Abin da ya gani shi ne duk ninkin agogo hasken na komawa kimanin kashi ɗaya cikin uku. Da feshi ɗaya ne siriri mai kaifin baki, da tuni ya yi ta faɗuwa da saurin da LHAASO ta gani bayan lanƙwasa. Bai yi ba. Hasken rediyo ma ya ƙi bin lissafin da aka saba.

Marubutan sun ga wannan, shi ya sa suka ce abin da suka kama cibiya ce ta feshi mai faffaɗan kewaye. Wasu masana, ciki har da Brendan O'Connor da abokan aikinsa a mujallar Science Advances a shekarar, sun kawo wata siffar: feshi wanda ƙarfinsa ke raguwa sannu a hankali daga tsakiya zuwa gefe, babu kaifin baki. Wasu kuma sun ce feshi biyu ne, siriri a cikin faffaɗa. Kowace siffa tana iya bin alƙaluman, saboda kowace tana da sukurori da yawa da ake murɗawa har ta dace. In an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu, wannan lahani bai tsaya kan LHAASO kaɗai ba, ya shafi masu yi mata gyara. Abin da ya ɗan ƙarfafa ra'ayin talakan fashewa ya zo ne daga wata hanya dabam: madubin James Webb ya gano tarwatsewar tauraron da ta biyo baya, kuma sakamakon da aka buga a 2024 ya nuna ba ta fi takwarorinta haske ba. Wannan ya dace da cewa saiti ne ya sa muka ga abin da muka gani. Bai tabbatar da 0.8 ba.

Abin da aka faɗa da gaggawa

Mutanen Birnin Gwari ba sa bukatar a koya musu bambancin labarin farko da ya iso daga hanyar Kaduna da abin da ake tabbatarwa washegari. Na farko yana da amfani, yana sa a shirya, amma ba a gina hukunci a kansa. Masana taurari ma suna da irin wannan labarin farko, gajerun sanarwa da ake aikawa cikin awoyi don sauran madubbai su juya. A irin wannan sanarwa ce LHAASO ta ambaci ƙwayar haske mai TeV 18.

Lambar ta tayar da ƙura, kuma da dalili. Sararin samaniya cike yake da hasken tsofaffin taurari, kamar hazon hunturu. Ƙwayar gama mai ƙarfi idan ta yi karo da wannan hazo sai ta rikiɗe ta ɓace, kuma iya ƙarfinta iya saurin ɓacewarta. Mai TeV 18 daga wannan nisa bai kamata ta iso ba. Cikin makonni takardu suka yi ta fitowa, wasu na cewa an ga alamar sabuwar ƙwayar halitta, wasu na cewa ka'idar Einstein ce ta tsage. A watan Nuwamban 2023 LHAASO ta fitar da cikakken nazari: ƙwayoyi sama da 140 da suka wuce TeV 3, mafi ƙarfinsu kimanin TeV 13. Ba a auna ƙarfin ƙwaya kai tsaye, daga ruwan ƙwayoyin da ta haddasa ake ƙiyasta shi, kuma ƙiyasin farko yakan motsa. TeV 13 har yanzu abin mamaki ne, amma bai tilasta a rushe kimiyyar da aka sani ba. Duk da haka har gobe za ka ci karo da 18 a bidiyoyi da rubuce-rubucen intanet. In ka gani, ka san tsohon labari ne.

Wannan takarda ta biyu ta kuma taɓa ta farko a wani wuri. A Yuni an bayyana hasken TeV da hanyar da aka fi yarda da ita: ilektiron na fitar da haske yayin da maganaɗisu ke lanƙwasa tafiyarsa, sannan ya sake bugun wannan haske ya ɗaga shi zuwa TeV. Wannan hanya tana hasashen cewa can sama ƙarfin bugun zai yi rauni, hasken ya karye. Awon Nuwamba bai nuna karyewar yadda aka zata ba, kuma marubutan sun rubuta cewa hakan ƙalubale ne ga bayanin. H.E.S.S. ta riga ta yi irin wannan ƙorafi a 2021 kan GRB 190829A, inda hasken eksire da na gama suka dusashe kafaɗa da kafaɗa kamar daga tushe ɗaya suke. Ke nan tambayar yadda ake ƙera hasken TeV tana nan a buɗe, ko da yake wanda ya karanta takardar Yuni kaɗai zai iya ɗauka an rufe ta.

Hukunci

Layin hasken, da hawansa da saukarsa da lanƙwasarsa, ka karɓe shi hannu bibbiyu. Zai daɗe ana koyar da shi. Cewa feshin yana da siririyar cibiya da ta saito mu, wannan shi ne bayani mafi ƙarfi da muke da shi yau. Lambar 0.8 kuwa, ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. TeV 18 ka ajiye ta.

Ka kuma tuna cewa fashewa ɗaya ce, kuma wadda ba ta da tsara. Wanda ya ga gobara ɗaya tak, mafi girma a tarihin daji, bai san yadda gobarar yau da kullum take ci ba. Sai an samu hawan wasu fashe-fashe biyar ko goma kafin a san ko abin da LHAASO ta gani doka ce ko togiya. Shi ya sa ake shirin kafa irin wannan cibiya mai kallon sama ba dare ba rana a ƙasar Chile, mai suna SWGO, domin LHAASO ba ta ganin yawancin saman kudu.

In Allah Ya kai mu watan Oktoba kana Birnin Gwari, ka ɗaga kai da an sallame Magariba. Wurin da hasken ya fito yana kusan tsakar kanka a wannan lokaci, cikin ƙaramin jerin taurarin da ake kira Sagitta. Ba za ka ga komai a wurin ba, ko a daren da abin ya faru ma ido bai isa ya gani ba. Amma feshin yana can yana tura gas yana rage gudu, kuma manyan madubban rediyo da na eksire sun daɗe suna bin sa, suna rubuta yadda yake dusashewa.